Windows 10 Ta Yi Ritaya: Yanzu Ya Za Ka Yi da Laftof Ɗinka?

Kamar kullum, ga rubutun shirinmu na wannan mako ga waɗanda ba su samu damar saurare ba, ko kuma data ta hana. Ku yi haƙuri da tsawonsa, yau maganar ta shafi aljihu ne.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Watannin baya ƙanwata ta samu gurbin karatu, aka ce sai da laftof. Da yake a gida ni ake yi wa kallon masanin kwamfuta, sai aka haɗa kuɗi aka damƙa mini aka ce in je in zaɓo mai kyau. Na shiga kasuwa, na samu wata ta hannu, fes da ita, ba ƙwarzane ko ɗaya. Mai shago ya ce, "Yallaɓai Core i5 ce fa, RAM takwas, batiri kamar sabo." Na kunna na ga tana gudu, na biya na taho ina jin na yi ciniki. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni ta ce, "Yaya, wani rubutu ne yake ta fitowa, wai wannan kwamfutar ba za ta iya ɗaukar Windows 11 ba." Da na duba lambar furosesar sai na ga 6300U. Nan take jikina ya yi sanyi, don na san ma'anar wannan lamba, kawai dai ban duba ba ne ranar da nake saye. Mai shago bai yi mini ƙarya ba, i5 ɗin ce. Ni ne ban yi tambayar da ta kamata ba. To wannan kuskuren nake so kada ya samu wani a cikinku.

Ga abin da ke faruwa. Ranar Talata 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Ita wannan babbar manhaja ta fito ne ranar 29 ga Yuli 2015, wato ta yi shekara goma da 'yan watanni tana aiki. Abin dariya ma, a shekarar da ta fito wani ma'aikacin kamfanin mai suna Jerry Nixon ya faɗa a wani taro cewa ita ce Windows ta ƙarshe, daga ita sai dai a riƙa yi mata gyara. Sai ga Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021.

Da farko bari in kwantar muku da hankali, don na ga wasu suna yaɗa cewa kwamfutoci za su mutu. Ba haka ba ne. Kwamfutarka za ta ci gaba da kunnuwa, Word zai buɗe, fim zai yi, intanet za ta shiga. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake turo mata kyauta duk wata.

Me nake nufi da faci? Windows gini ne babba, layukan umarni miliyoyi ne a ciki, kuma mutane ne suka rubuta su, dole a samu kuskure. Wani kuskuren ba ya cutar da kowa, wani kuma ƙofa ce da ɗan kutse zai bi ya shigo. Idan aka gano irin wannan ɓaraka, sai Microsoft ta rubuta gyara ta turo. Tun 2003 suka mayar da abin al'ada, duk Talata ta biyu a kowane wata suke sakin facin. Wannan sabuntawar da take damun mu, wadda ke sa kwamfuta ta ce kada a kashe ta, galibinta wannan facin ne. Shi ya sa ma ranar ritayar ta faɗo Talata, facin ƙarshe na kyauta ke nan.

Ga inda matsalar take. Windows 10 da Windows 11 uwarsu ɗaya, sassa da yawa na cikinsu iri ɗaya ne. Duk wata idan aka fitar da facin Windows 11, 'yan kutse suna zama su warware shi su ga ainihin wace ɓaraka aka toshe. Daga nan sai su duba ko tana nan a Windows 10. Sau da yawa tana nan, kuma ita babu mai toshe ta. Ka ga ke nan duk wata ana ƙara nuna wa ɓarawo wata sabuwar taga a gidanka, kai kuma mai gadi ya ajiye aiki. Haɗarin ba rana ɗaya yake zuwa ba, taruwa yake yi wata bayan wata.

Don kada ku ce tsoratarwa ce kawai, ku tuna da abin da ya faru ranar 12 ga Mayu 2017. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Tana shiga sai ta kulle duk fayilolinka, ta ce ka biya dala 300 da Bitcoin kafin a buɗe maka. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, wasu asibitocin ma sai da suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Wani matashi ɗan Birtaniya mai suna Marcus Hutchins ne ya gano wani adireshin intanet a cikin manhajar, ya yi masa rijista, hakan ya dakatar da yaɗuwarta. Amma abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: Microsoft ta riga ta fitar da facin wannan ɓarakar tun 14 ga Maris na shekarar, kusan wata biyu kafin harin. Waɗanda suka sabunta kwamfutarsu sun tsira. Waɗanda aka kama, akasarinsu facin yana nan ba su ɗora ba ne. To su ke nan da ake da magani suka ƙi sha. Mai Windows 10 a yau, in bai yi wani abu ba, maganin ma ba za a kawo masa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma na faɗa a baya: "Ni dama tun ranar da na sayi kwamfutata na kashe sabuntawa, kuma ba abin da ya same ni." Gaskiya ina fahimtar dalilin. Data tsada, ka sayi giga biyu don yin aikin makaranta, ka jona wayarka da laftof, kafin ka ankara Windows ta lashe. Ga wuta, ana tsakiyar sabuntawa a ɗauke, batiri kuma ya riga ya gaji. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ita ma sabuntawar takan yi ɓarna wani lokaci. A Oktoban 2018 Microsoft ta saki wata babbar sabuntawa ta Windows 10 da ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, dole aka janye ta. Saboda haka tsoron yana da tushe. Sai dai "ba abin da ya same ni" ba hujja ba ce, domin ɓarawon zamani ba ya son ka san ya shigo. Wanda ya sace kalmomin sirrin da ka ajiye a burauza ba zai bar maka takarda ba. Sai dai wata rana ka ga an ƙwace maka Facebook ana roƙon abokanka kuɗi da sunanka, ko an shiga imel ɗin da bankinka yake turo maka saƙo.

To me ya sa ba za a ce kowa ya koma Windows 11 a huta ba, tunda kyauta ce ga mai Windows 10 ta gaskiya? A nan ne maganar ta zo kanmu. Microsoft ta sa sharuɗɗa. RAM aƙalla giga 4, ma'aji giga 64, waɗannan ba su da wuya. Masu wuyar biyu ne. Na farko wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda yake ajiye mabuɗan sirrin kwamfuta. Na biyu kuma furosesa: a ɓangaren Intel sai zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000 zuwa sama. A taƙaice, yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 an bar su a baya. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan.

Yanzu ku tambayi kanku, idan kamfanoni a Turai da Amurka suka kwashe tsofaffin kwamfutocinsu suka sayi sababbi, ina tsofaffin suke zuwa? Mu ne dai kasuwar. Duk wanda ya san Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano ya san laftof ɗin da ɗalibai da masu shagon buga takardu suke saye akasari ta hannu ce da aka shigo da ita daga waje. Ni a ganina irin waɗannan da ba sa ɗaukar Windows 11 za su ƙara yawa a kasuwanninmu, kuma da farashi mai jan hankali. Ba laifi ba ne a sayar da su, injina ne masu ƙwari. Laifin shi ne ka biya kuɗin wadda take da gaba a ba ka wadda aka riga aka sallama.

Saboda haka ga darasin da na koya da kuɗin gidanmu. Kalmar i5 ko i7 ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Lambar da ke biye da ita za ka duba. Idan ka ga i5-6300U, lambar farko 6 ce, zubi na 6 ke nan, ba ta ɗauka. Idan ka ga i5-8250U, zubi na 8 ne, ta tsallake. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Ka ga i7 ta zubi na 6 ta faɗi wannan jarrabawa, i3 ta zubi na 8 kuma ta ci. Misali HP EliteBook 840 G3 da ta cika gari zubi na 6 ce. Kuma kada ka yarda da sitikar da ke manne a jiki. Ka shiga Settings, ka shiga System, ka gangara About, a nan za ka ga gaskiyar lambar. Wani abin kuma, ganin Windows 11 a kan laftof a shago ba ya nufin ta cancanta, ana iya ɗora mata ta ƙarfi. Lambar dai ita ce shaida.

Wanda kuma ya riga yana da kwamfuta a hannu, ga hanyoyi huɗu, kowa ya duba wadda ta dace da shi.

Hanya ta farko, ka fara tabbatarwa ko da gaske taka ba ta ɗauka. Akwai 'yar manhajar Microsoft ta kyauta mai suna PC Health Check, za ta gaya maka ainihin abin da ya hana. Mutane da yawa furosesarsu ta cika sharaɗi, TPM ɗin ne kawai yake a kashe. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc ka duba. Idan ta ce ba a samu ba, a shiga BIOS, a kwamfutocin Intel ana kiran sa PTT, a na AMD kuma fTPM. Kunna shi kawai za a yi. Idan ba ka saba shiga wurin ba ka kai wa mai gyara, aikin minti biyar ne, kada wani ya ce maka sai an canza wani abu a ciki.

Hanya ta biyu, ka sayi lokaci. Microsoft ta buɗe wani shiri mai suna ESU wanda zai ci gaba da turo facin tsaro ga Windows 10 har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga ta ɗaya daga hanyoyi uku: ka biya dala 30, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma kyauta idan ka shiga da asusun Microsoft ka yarda a ajiye saitin kwamfutarka a wurinsu ta Windows Backup. Ta ukun nan ita na yi wa ƙanwata, ko sisi ban biya ba. Sharaɗin shi ne Windows ɗinka ta kasance 22H2, wato zubin ƙarshe na Windows 10, kuma ta karɓi sabuntawar baya-bayan nan. Ka danna Windows da R ka rubuta winver za ka ga wadda kake kai. Daga nan ka shiga Settings, Update & Security, Windows Update, za ka ga wurin yin rijista. Kamfanoni kuwa nasu daban ne, dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara, har shekara uku. Amma ka sani wannan jinkiri ne kawai, shekara ɗaya aka ara maka don ka shirya.

Hanya ta uku, ɗora Windows 11 ta ƙarfi. Akwai manhajar Rufus da masu gyara suke amfani da ita wajen shirya filash, tana da zaɓin tsallake binciken TPM da sauran sharuɗɗan. Yana aiki, ba zan ce muku ba ya yi ba. Amma Microsoft ta faɗa a fili cewa irin wannan kwamfuta ba ta cikin waɗanda ta ɗauki alhakinsu, kuma ba ta yi alkawarin ci gaba da turo mata sabuntawa ba. Galibi babbar sabuntawar shekara ba ta zuwa da kanta, sai ka sake yi da hannu. Idan kai mai son taɓe-taɓe ne kuma kana da kwafin kayanka, bismillah. Amma kwamfutar da kake cin abinci da ita, ko ta mahaifinka da ba zai iya gyara komai ba in ta rikice, ni ban ba da shawara ba.

Hanya ta huɗu, ka bar Windows gaba ɗaya. Na san da an ce Linux wasu sai su tuno baƙin allo da rubutu kore kamar a fim. Wannan zamanin ya wuce. Linux Mint 22 da Ubuntu 24.04 duka kyauta ne, kuma za a ci gaba da yi musu facin tsaro har 2029. Mint ma fuskarta ta yi kama da Windows, mako ɗaya ya isa ka saba. Chrome da Firefox suna aiki, VLC yana aiki, akwai LibreOffice da ke buɗe fayilolin Word da Excel. Akwai kuma ChromeOS Flex ta Google ga wanda duk aikinsa a burauza yake, sai dai ita ta fi son intanet a kullum. Abin daɗin shi ne za ka iya gwada Mint daga filash ba tare da ka goge komai ba. Amma gaskiya ɗaya ce: idan sana'arka CorelDRAW ce ko Photoshop, kamar 'yan uwanmu masu zanen kati da fosta, waɗannan ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP, amma ba zan ce wa mai shago ya sauya kayan aikinsa dare ɗaya ba alhali kwastoma na jira. Kai ka shiga ESU, ka fara tara kuɗin wata injin a hankali.

Wani zai ce ai yana da manhajar kashe bairos. Madalla, kuma Microsoft ta ce Defender zai ci gaba da samun sababbin bayanan bairos a Windows 10 har 2028. Amma wannan kamar kare ne a tsakar gida, yana taimakawa, sai dai ba ya gyara katangar da ta tsage. Sannan sauran manhajoji ma a hankali za su janye. Mun gani a Windows 7: an daina kula da ita a Janairun 2020, Chrome ya ci gaba da tafiya da ita har farkon 2023, daga nan shi ma ya tsaya. Haka wannan ma za ta ƙare. Ku kuma lura, Office 2016 da Office 2019 su ma a wannan rana ta 14 ga Oktoba aka sallame su.

Kafin in rufe, abubuwa uku da nake roƙon kowa ya yi a wannan makon, ko wace hanya ya zaɓa. Na ɗaya, ka kwafe muhimman kayanka zuwa filash ko wani ma'aji na waje, musamman ɗalibai masu rubuta furojet. Kada ka taɓa Windows ɗinka sai ka yi wannan. Na biyu, maimakon kashe sabuntawa gaba ɗaya saboda data, ka shiga saitin Wi-Fi ka kunna Metered connection a kan layin wayarka, hakan zai rage mata ci sosai, sannan ka ware rana ɗaya a wata, inda akwai wuta da intanet mai arha, ka bar ta ta sabunta. Na uku, ka guji manhajojin da aka fasa da waɗanda ake cewa suna kunna Windows kyauta. Da yawansu sai sun ce ka kashe Defender kafin su yi aiki, kuma da ka kashe ba ka san me ka shigar da hannunka ba.

Ita ƙanwata yanzu tana kan ESU. Mun yi da ita cewa idan an yi hutun zango zan sa mata Mint a filash ta gwada, in ta ga za ta iya sai mu ɗora, in ba ta iya ba sai mu san yadda za a yi kafin Oktoban 2026. Har yau in ta so tsokana sai ta ce, "Yaya masani, zubi na nawa ne?" Ni kuwa ba ni da bakin magana.

Ku rubuto mana lambar furosesarku a ƙasa, zan bi in gaya wa kowa ko tasa tana ɗauka. Wanda kuma ya san wani da ke shirin sayen laftof, ya tura masa wannan kafin ya shiga kasuwa. A shiri na gaba in sha Allahu zan bi da ku mataki-mataki yadda ake shirya filash ɗin Linux Mint a gwada ba tare da an goge komai ba.